Motar da Alhaji Ya Ƙara wa Tsayi

A shekarun da ake haƙa harsashin masaƙa a Kakuri, ni direban wani Alhaji ne a Makera, ɗan kasuwa mai sayen citta a ƙauyukan Kudancin Zariya. Allah ya ji ƙansa, bai taɓa hana ni abinci ba. Amma mutum ne wanda in ya ce alƙibla ta koma kudu, to sai dai ka juya buzunka ka yi shiru. Motarsa jif ce, irin waɗanda soja suka yi gwanjonsu bayan yaƙin duniya, mai rufin tamfol, ba ƙofa, tayoyi huɗu duk suna ja. Ni da matata muna zaune a wani ɗaki a bayan gidansa, ɗakin da ya zo tare da aikin. In aikin ya tafi, ɗakin ya tafi, ga ta kuma da tsohon ciki.

Motar nan ba ta da laifin komai sai gajarta. In muka tsaya a bakin kasuwa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sunkuyo ya leƙo, ya zama Alhaji ne ke ɗaga kai yana kallon talaka. Wata Juma'a wani mai sayen fata, abokin gasarsa, ya tsaya kusa da mu a cikin tsohuwar lori, ya miƙo hannu ƙasa ya gaisa da shi kamar mai ba yaro alewa. Washegari Alhaji ya ce a ƙara wa motar tsayi, wai saboda rafukan hanyar Kachiya. Rafukan da muka shekara uku muna ƙetarawa ba su taɓa jiƙa masa ko bakin riga ba.

Na kai motar wurin wani dattijon bakanike da ke aiki a gindin mangwaro kusa da layin dogo. Mutumin Kudancin Zariya ne, Kirista, a soja ya koyi gyara, kowa Baba yake ce masa. Ya saurare ni, ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin motar, ya ce in shigo in gani da idona.

"Ɗaga mota ba wuya," in ji shi. "A ƙara ganyen sifirin da jikin mota ke zaune a kai, a sa ƙarfe a tsakani, shi ke nan. Amma dubi wannan."

Furofela ya nuna mini, wato doguwar sandar ƙarfen nan mai kama da taɓarya, wadda ke ɗauko juyin inji daga giyabos ta kai wa tayoyin baya. Bakinta ɗaya yana da haƙora, yana zamewa a cikin wani kube, ya shiga ya fito duk lokacin da mota ta faɗa rami ko ta hau tudu.

"In ka ɗaga jikin mota, giyabos ya hau sama, tayoyi na nan ƙasa. Nisa ya ƙaru, ita kuwa ƙarfe ce, ba ta girma. Furofelar tayoyin gaba tana da rara, za ta ɗauka. Wannan ta bayan, abin da zai rage a cikin kuben bai wuce yatsa biyu ba. Rami ɗaya mai kyau, ta zare. A aika Ikko a samo doguwa, ko da za a jira wata guda. In ba haka ba, ba da hannuna ba."

Da la'asar na kai wa Alhaji saƙon a zaure, inda 'yan fadarsa ke zama. Kai, jama'a! Allah ya raba mu da majalisar mai kuɗi. Mutum biyar ko shida, babu wanda ya taɓa riƙe sitiyari, amma nan take kowa ya zama injiniya. Babbansu wani tsohon masinja ne da ya yi aiki a ofishin Turawa, duk iliminsa na mota bai wuce buɗe wa Bature ƙyaure ya sara ba. Shi ne ya gyara zama ya ce, "Ƙarfen Bature ne fa. Abin da ya yi yaƙin duniya bai zare ba, sai a hanyar citta?" Wani ya ce bakanike kasuwa yake nema wa kansa. Wani ya ce ai ƙarfe ma yana miƙewa in ya ji zafi. Suka kwashe da dariya, ban san abin dariyar ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na shiga ƙarƙashin na gani."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai direba, tuƙi na ɗauke ka ko wa'azi?"

Tunda Baba ya ƙi, sai aka kira maƙeran unguwa. Ban ga laifinsu ba, gwanaye ne a kan garma da gatari, abin da aka ce su yi suka yi. Kwana biyu, mota ta miƙe kamar zakara a kan danga. Sai ga wata sabuwa: Alhaji ba ya iya hawa. Ga ƙiba, ga babbar riga. Aka ɗauko kujera 'yar tsugunno daga cikin gida, ta zama cikin kayan aikina. Ko'ina muka tsaya sai in diro da gudu in ajiye masa ita, in ya hau in ɗauke in jefa baya. Mutumin da yake gudun a raina shi, ga shi yana taka kujerar mata a tsakiyar kasuwa, mutane na sunkuyar da kai suna danne dariya, shi kuwa yana ɗauka ladabi ne.

Tun ranar farko ƙasan motar ya fara gurnani, sitiyari na kakkarwa a hannuna. Masinjan ya ce alamar ƙarin ƙarfi ce. Mtsw. Ni dai na riƙa lallaɓa ta, ina kauce wa kowane rami, kullum da safe in shiga ƙarƙashi in cusa mata giris ina addu'a.

Sati biyu muka yi a haka. Ranar wata kasuwar ƙauye, can bayan Kujama, akwai wani kwazazzabo dab da inda mata ke baza citta. Na rage gudu. Alhaji ya ce, "Taka ta mana! Don me aka ɗaga ta?" So yake a gan shi. Na ce, "Ranka ya daɗe..." Ya ce, "Taka, na ce!" Na taka.

Tayoyin baya suka rataye a ramin, na ji ƙwas! Furofela ta zare, bakinta ya caki ƙasa, bayan motar ya yi tsalle sama. Da na waiwaya kujerar Alhaji ba kowa. Yana can kwance a cikin yashi, hula gefe, takalmi gefe, riga ta lulluɓe masa kai. Ko ƙwarzane bai yi ba. Wata tsohuwa mai citta ce ta fara tuntsurewa da dariya, sauran suka ɗauka. Na kwance furofelar da sufana, na sa giyar tayoyin gaba, muka rarrafo gida kamar kunkuru. Wallahi a zuciyata murna nake yi, ba zan ɓoye ba. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Washegari da hantsi aka ce Alhaji na kira. A ƙofar zaure masinjan ya tare ni, ya rage murya ya ce, "Alhaji mutum ne mai yafiya. Magana ɗaya kawai yake son ji, ka san ta. In ka faɗi wata, ga ɗan ƙanena ya yi lasin, yana zaune ba aiki."

Na shiga. Zaure cike, har da waɗanda ba su saba zuwa ba, labari ya riga ya zagaye Makera. Alhaji na kishingiɗe, ya ce, "To, direba, faɗa wa mutane abin da ya faru jiya."

Tun asuba na shirya maganata, tana nan a bakin harshena da zafinta. Zan ce an gaya maka. Zan ce girman kai rawanin tsiya. Sai na tuna damina ta kusa, na tuna matata ko sunkuyawa ba ta iya yi, na tuna ba ni da kowa a garin nan da zai ba ni ko rumfa. Na durƙusa na ce, "Laifina ne, ranka ya daɗe. Ganganci na yi, na faɗa rami da gudu."

Zauren ya ɗauki "Ai ka ji!" Masinjan ya ce shi tun farko ya lura hannun yaron nan da nauyi. Yaro, ni da na fara furfura! Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ya yafe, ɗan Adam ajizi ne. Sannan ya ce tunda direbansa ba shi da natsuwa, ya yi tunani, ya ga gara a aika Ikko a samo furofela doguwa. Aka yi ta jinjina masa, wai wannan hangen nesa sai Alhaji. Na yi godiya. Da bakina na yi godiya, har sau biyu.

Da na koma ɗaki na tarar matata ta ɗaure kayanmu kaf. Tukwane a cikin kwando, tabarma a naɗe, tufafi a ƙunshe cikin zane. Tana zaune a kan ƙunshin, ta dafe bayanta da hannu ɗaya.

"Malam, yau za mu tashi ko sun ba mu zuwa gobe?"

Na ce ba inda za mu.

Ta dube ni. Ba ta tambayi abin da na faɗa a zauren ba, ta gane. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta sauka daga kan ƙunshin, ta jawo shi ta fara kwance ƙullin da haƙori, don ta ɗaure shi tamau. Da ya kwance, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Ni na ɗauka ba za ka iya ba."