Koriyar Riga Cikin Jajaye

Ranar yajin aiki, a tashar jirgin ƙasa ta birnin Ghent, wani tsoho na zaune cikin 'yan ƙungiyar ƙwadagon gurguzu masu jar riga, shi kaɗai da koriyar rigar ƙungiyar ƙwadagon Katolika. A garinmu biyun ba sa haɗuwa. Na rasa gane masa.

"Baba, ɓatan kai ka yi? Coci na can!" in ji wata budurwa.

"Yarinya, tun ba a haifi kakarki ba Paparoma ya ce a biya ma'aikaci abin riƙe iyali."

Sai ya shimfiɗa wata koɗaɗɗiyar jar rigar mata a benci, gefensa. Ko ta marigayiya matarsa ce? Tashar cike take maƙil, amma ba wanda ya zauna a wurin.