Wadda Ta Danna Eh

Kawuna na Tama tsohon malamin lakkwal ne, wato makarantar boko. Da ya aje alli, sai ya zauna rubuta asalin gidanmu a wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin ban-ruwa. Shekara bakwai yana bin tsofaffi da tambaya, kuma yawancinsu sun rasu. Kusan kowane suna da abin da aka san mai shi da shi: wane ya haƙa rijiyar fadama, wance ta kori kura da muciya.

Duk lokacin da ya kunna ta, kwamfutar sai ta roƙi a sabunta ta. Shi kuma ya danna "sai an jima", har ya ce mata, "Ki yi haƙuri, gobe." Haka suka shekara bakwai, ba wanda ya gaji.

Ni ce na gaji. Sakatariya nake a Madawa, kuma a lokacin ina ji da kaina. Na zo hutu, Kawu ya tafi garkar albasarsa, na haɗa kwamfutar da wayata na danna "eh". Ta yi ta juye-juye har la'asar, ta farka fes, launinta ma ya canza. Amma manhajar da Kawu ke rubutu da ita ta ƙi buɗewa. Na danna, na hura, na yi mata bisimilla. Ko gezau.

Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai ce, "Ɗiyata, mi tay yi miki?" Duk tsofaffin nan suna cikin kwamfutar, kuma ba su da wani wurin.

Na naɗe ta a bargo na hau mota. Mai gyara a Madawa ya duba ya yi dariya.

"Hajiya, kin san gidan da mata ka daka a turmi guda? Haka manhajojin ga suke, akwai abin da suka tarayya da shi. Wani tsarin kowa da turminta a ɗaki. Wani in za a sake turmi, har taɓare aka sakewa rana guda. Naki an kawo sabon turmi, an bar tsohuwar manhaja da taɓaryar da ba ta shiga."

"To, tsohuwar ta mutu?"

"Fushi takai."

Ya nemo tsohon turmin, wato wani fayil, a wani mushen kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinsa, ya saka shi cikin jakar manhajar Kawu, ita kaɗai. Ta buɗe. Na yi guɗa a shagon mutane, ni da ban iya guɗa ba.

Kawu ya karɓa, ya sa tabarau, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Ba wanda ya ɓata. Da ya zo kan nawa, inda shekara bakwai babu komai a gabansa, sai ya gyara zama ya yi rubutu da yatsa guda.

Na leƙa. "Ita ta danna eh."

"Kawu, don Allah!"

"Ki gode. Waɗansu suna kawai gare su."

Bara ya rasu. Kwamfutar tana ɗakina, kuma ban goge layin ba. In ta roƙi a sabunta ta, nakan ce mata gobe.