Yadda Kakana Ya Sha Maɗaci

Abin da ake zubawa a ruwa iri uku ne. Ba a makarantar allo na koyi wannan ba, don ban wuce izu biyar ba. Kakana ne ya koya mini, kuma ba da son ransa ba.

Shekarar da na yaye ɗana na biyu, ciwon shawara ya kama kakan nawa a gidanmu na Birnin Gwari. Tsohon maharbi ne, ya yi kwanan daji ba adadi, amma ɗaci ya fi ba shi tsoro a kan ɓauna. Idanunsa suka yi rawaya, tuwo ya daina shiga, wuyansa ya koma kamar na gora. Wata tsohuwa 'yar Gbagyi daga wajen Kuyello ta kawo garin saiwar rawaya haɗe da sassaƙen maɗaci. Ta ce ludayi guda kowace safiya har kwana bakwai, in ya ƙi sha a fara neman likkafani. Aka aiko mini in zo jinya, domin ni jika ce, tsakaninmu wasa ne, ba na tsoron bakinsa.

Da farko na dama garin a ruwan sanyi na kai masa a ƙoƙo.

"Amarya, da wannan kike tarbar angonki?" in ji shi. "Ajiye, bari in ba ki labarin giwar da na bi har Kutemeshi."

Na ajiye. Labarin ya yi tsawo. Da ya ƙare, sai ya ɗaga ƙoƙon a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ya kurɓa, ya yamutse fuska, ya ce in ɗauko masa buta. Kwana uku muna haka. Rana ta huɗu ina shara, na ga laka rawaya a bayan gadonsa na kara. Ashe labarin giwa jira ne garin ya kwanta. Ruwan da ya taso sama yake sha, gindin kuma ya ba bango.

Wannan shi ne iri na farko: abin da ke yawo a ruwa muddin ana motsawa, da an bar shi sai ya koma ƙasa. Haka ruwan rafi yake bayan shanu sun ratsa.

Sai na sake dabara. Na tafasa garin, na tace da tsumma mai tsabta. Ruwan ya fito ja garau, ana ganin gindin ƙoƙo, ɗacin kuwa ya shige cikinsa kamar yadda gishiri ko kanwa ke ɓacewa. Wannan shi ne iri na biyu. Ko shekara zai yi a ajiye babu abin da zai kwanta, tsumma ma ba ya raba su.

"Tsoho, yau ba da labarin giwa goma," na ce.

"Ke dai muguwar mata ce. Ɗauko mini buta in kurkure baki tukuna."

Na dawo na same shi yana sha yana nishi, har da kiran sunan Allah. Na ji daɗi kwana biyu. A na uku na lura ƙudaje sun yanyame ƙoƙon da ya sha. Ƙuda ba ya bin maɗaci. Na lasa: zuma ce. Na ɗaga buzunsa na sami ɗan goran zuma da abokan farautarsa suka kawo masa. Yana tuttular da nawa a ramin ɓera, ya jiƙa nasa, launi ɗaya sak.

"Kaka, mutuwa kake so?"

"Ina so in mutu da baki mai daɗi, laifi ne?"

Ban yi dariya ba, ko da yake ta zo mini. Kwana shida sun tafi a banza.

Washegari ina dama koko na tsaya ina duban kamu. Ɗanyensa a ruwa kwanciya yake yi kamar garin maganin. Amma da an sheƙa masa tafasasshen ruwa sai ya kama jikinsa: bai ɓace ba kamar gishiri, don ba a ganin gindin ƙwarya, bai kuma kwanta ba. Madarar da Fulani ke kawowa ma haka take. Wannan shi ne iri na uku, kuma yana riƙe abin da aka ba shi. Na zuba garin cikin kamun, na dama su tare. Na ɗauki buta da kaina tun kafin a aike ni, na zauna a gabansa.

Ya fara labarin giwa. Ya ƙara da na kura. Ya leƙa ƙwarya. Ya kawo na wani damo da ya taɓa cizonsa a yatsa. Rana ta kai tsaka, kokon sai ƙara kauri yake yi.

"Me kika yi masa?"

"Na aurar da su. Ba saki."

Ya kwance bakin rawaninsa ya ce zai tace. Na bar shi. Ya matsa, kokon ya ɓullo ta ɗaya gefen da rawayarsa, ya ɓata masa rawani. Ya dube ni, na dube shi.

"Uwarki ba ta da wannan mugun hali."

"Wajenka na gado. Sha."

Ya sha, yana zagin maɗaci da wanda ya fara sassaƙarsa. Na sa ya suɗe ludayin, na duba bayan gado, na duba ramin ɓera. Haka muka yi kwana bakwai cur, ban rage masa ko ɗaya don na baya ba.

A rana ta biyar ya nemi tuwon dawa da miyar kuka. A ta bakwai farin idonsa ya fara dawowa, ya fita zaure da ƙafarsa. Ina ɗaure kayana zan koma ɗakin mijina, na jiyo shi yana gaya wa masu dubiya cewa jikarsa ba ta iya dama koko ba, duk wanda ta ba ya ƙi.