Ranar da Na Yi wa Baba Tsawa

A makarantar horar da hafsoshin sojan sama babu abin da ya wahalar da ni kamar muryata. Gudu bai dame ni ba, wanda ya taso yana korar awaki daga gonar mutane ai gudu abincinsa ne. Karatu ma alhamdu lillahi. Amma da aka zo kan ba da umarni a fareti, ka tsaya gaban layin sojoji ka ɗaga murya su ƙame ko su juya, a nan gizo ke saƙa.

Ni a gidanmu, wani ƙauye ne kusa da Tsanyawa, ba a yi wa babba magana a tsaye. Ka durƙusa, idonka a ƙasa, muryarka ƙasa da tasa. To a layin da ake jera mana akwai tsofaffin sojoji masu furfura, sa'annin Baba. Da na haɗa ido da su, abin da zai fito daga bakina kamar mai roƙon aron gatari. Sajen da ke koyar da mu ya taɓa tsayar da ni ya ce, "Kai, umarni kake bayarwa ko gaisuwar surukai ka zo?" Aka yi dariya, har da ni, amma abin ya ci min rai. Na faɗi gwajin. Aka ce bayan hutu za a sake gwada ni, in na kuma faɗuwa sai dai in tattara kayana.

Babu wanda ya ɗora min wannan kaya, ni na ɗora wa kaina. Baba bai taɓa cewa sai na zama hafsa ba. Ni ne na ƙudurta cewa tunda ni na fara zuwa daga ƙauyenmu, ba ni da izinin kasawa a komai. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ban gaya wa kowa ba.

Na dawo hutu da damina, ana noman maimai, gero ya kai gwiwa. Niyyata in sami inda zan riƙa gwada muryata ni kaɗai. Amma a wajenmu ina dajin yake? Gona tana jikin gona, gida yana kallon gida, ko tari ka yi sai an ce maka sannu daga wata kunyar. Sai na riƙa yi ƙasa-ƙasa ina noma, ina ba gero umarni.

Wata safiya Baba ya miƙe daga kan fartanyarsa ya ce, "Da wa kake magana tun ɗazu?"

Na durƙusa a bakin kunya na gaya masa komai. Ya shiga kakkaɓe ƙasar hannunsa, har na zaci magana ta ƙare. Can ya ce, "Masu furfura ne ba ka iya yi wa tsawa?" Na ce e. Ya ce, "To ni wannan ta kaina audugar wa ce?"

Ya sa na nuna masa yadda ake ƙamewa da yadda ake juyawa dama da hagu, da kalmar Turancin da ke tafiya da kowanne. Sannan ya taka har ƙarshen gona, kusa da gawon da ke iyakarmu da maƙwabta, ya ajiye fartanya, ya tsaya. Na bi shi na ce, "Baba, Allah ya tsare ni da ɗaga maka murya." Ya ce, "Ba shawararka na nema ba. Koma can. In ban ji ba, ba zan motsa ba."

Na koma na gwada. Ya kai hannu bayan kunne, shi da yake jin motsin akuya a bayan danga yana cikin barci. Na sake, ya sake kai hannu. Rana ta fara zafi, ga tsoho a tsaye ba inuwa, gumi ya jiƙa masa riga, duk saboda ni. Haushi ya kama ni, nasa da nawa. Ban san lokacin da wata murya ta taso min daga ciki ba, har kurciyoyin kan gawo suka tashi. Baba ya buga ƙafa ya juya. Dama na ce, hagu ya yi. Na yi dariya, hawaye kuma suka biyo baya, na sunkuya kamar ina cire ciyawa.

Haka muka riƙa yi kullum kafin mu kama noma. Ni ban yi tunanin kunnuwan maƙwabta ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar liman da dattawan unguwa suka yi sallama a zaurenmu. Ina tsakar gida ina jin su. Bayan an gama gaisuwa da tambayar ruwa, liman ya ce, "Malam, mun ji abin da bai yi mana daɗi ba. An ce yaron nan tunda ya sa kaki yake tsayar da kai a rana yana daka maka tsawa. Yau kai ne, gobe 'ya'yanmu za su koya." Na yunƙura zan fita, Inna ta riƙe min gefen riga. Na jira in ji Baba ya yi musu bayani. Abin da ya ce kawai, "Na gode. Allah ya shirya mana su baki ɗaya."

Da suka tafi na same shi na ce, "Baba, me ya hana ka gaya musu gaskiya?" Ya ce, "In ce musu me? In ce ana shirin koro ka? Ka bar su su tausaya min, ni na iya ɗauka. In suka fara tausaya maka kai, da shi za ka koma can." Washegari ya riga ni zuwa gindin gawo.

Na koma makaranta aka gwada ni. Ba zan ce na fi kowa ba, amma layi ya juya lokacin da na ce ya juya. Saje ya wuce ta gefena ya ce, "To, yau dai an ji ka." Na gama horo, na yi shekaruna ina aiki. Duk lokacin da na ce wa Baba ya bari in wanke maganar nan a wajen mutane, sai ya ce abin da ya wuce a bar shi ya kwanta.

Da Allah ya yi masa rasuwa, ina zaune a tabarmar makoki a ƙofar gida, wani dattijo cikin waɗanda suka zo zaure ran nan ya kama hannuna da hannu biyu. Ya yi min ta'aziyya, sannan ya rage murya don kada na kusa su ji, ya ce, "Allah ya sa ya yafe maka kafin ya tafi."

Na buɗe baki, sai na tuna ba ni da izini. Na ce amin.