San Ƙiran da Ba Ya Jin Goge

A wani ɗakin biki a Aziziyya, can ƙasar Larabawa, nake kallonsa: dogo, jallabiya ta sha guga, turarensa na riga shi isowa. Wai shi ne san ƙira, mai fassara wa jama'a abin da goge ke faɗa. Makirfo manne da leɓe, sai "Yalla, yalla!" yake yi, ya tare tsohon mai gogen da faɗin bayansa.

Ina jin a nan aka haife shi, gogen ma a waya ya fara ganinsa.

"Kawu, halas, ya isa haka da na tsofaffin nan, ba mu mai zafi!" in ji shi, ko waiwaye babu.

Tsohon ya shafa wa izgar gogensa ƙaro, ya sauya kiɗa. Duk wanda ya tashi a gida ya gane shi: zambon maroƙin da bakinsa ya fi kunnensa aiki ne. Dattijai mata suna ta toshe baki da gyale.

Gogan naka kuwa ya ɗaga hannu yana juyi.

"Kun ji! Takena ne wannan!"

Tsohon ya gyaɗa kai. "Naka ne, ɗana."