Ƙanena Idrisu da Haskensa Biyu

Da azumin bana shekara tara ke nan da muka binne ƙanena Idrisu a Djougou. Ni ne wansa, kuma ban rubuta wannan don in wanke kaina ba.

Gidanmu gidan fatake ne. Kakanninmu da goro suka zo garin nan, mu kuma muka koma sayen kanju, wato yazawa, da doya. Idrisu kaɗai ya yi nisa a lekol, wato boko, har ya zama malamin fizik, mushe kamar yadda ake kiran malamin lekol a nan, a wata makaranta a Parakou, yana haya a unguwar Albarika. Wata rana na kai kaya kasuwa, na biya ta wurinsa da hantsi. Na tarar ya sa an rufe tagogin aji, yana riƙe da 'yan fitilun laser guda biyu masu kamar alƙalami, ja da kore. Ya kaɗe tsumman allo, ƙurar alli ta tashi, sai ga zare biyu na haske sun gitta juna a iska. Jan ya wuce abinsa, koren ma haka.

Ya ce wa ɗaliban, "Da ruwan famfo biyu ne, da sun fantsama. Me ya sa haske bai fantsama ba?"

Da aka tashi aji muka fito tare. A hanyar gida ya yi ta yi mini bayani: wai haske ƙwayoyi ne da ake kira foton, ba sa ture juna, amma masana sun ce in ƙarfinsa ya kai matuƙa, jefi-jefi ɗaya kan kauce wa ɗaya. Wannan jefi-jefin yake son ya karanta. Na yi dariya na ce, "To, buhu nawa yake cikawa?"

Bayan shekara biyu ya sami gurbin karatu a ƙasar waje. Ya zo Djougou da takardar yana murna. A lokacin Baba ya kwanta, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka tara dangi a zaure. Kawu Alhaji Sule ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, ɗan fatake ya bar ubansa a kwance ya tafi kallon fitila. Kowa ya juyo gare ni, don ni ne babba. Na san ni kaɗai zan iya riƙe cinikin, na sani sarai. Amma na daɗe ina jin haushin yadda ake kiransa mushe, ni kuwa ana kirana mai kanju. Na ce ya dawo gida.

"Yaya, shekara uku ce kawai," in ji shi.

Na ce, "Baba zai jira ka shekara uku?"

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya ajiye koyarwa, ya koma bin ƙauyuka a kan moto, wato babur, yana auna kanju. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi cizo. Baba ya ƙara shekara shida a duniya. Idrisu bai kai biyu ba: kamiyo, babbar motar kaya, ya take shi a hanyar Onklou, da sikeli ɗaure a bayansa.

Yanzu ba a bikin aure a garin nan sai an hayo injin da ke watsa irin wannan haske a bango, kore da ja, ana rawa a ciki. Ina tsayawa in yi tunanin abin da zai ce. Ina jin ba zai yi fushi ba, zai ja wani yaro gefe ne ya tambaye shi me ya gani. Fushin nawa ne. Waɗanda suka zauna a zauren nan su ne yau suke cewa "marigayi malaminmu" in baƙo ya zo. Kawu Sule har yana faɗa wa jikokinsa su yi koyi da shi. Bayan tiya akwai wata caca, amma ban zaci ta kai nan ba. Ni ma ina gyaɗa kai tare da su.

Watan jiya wata mata ta yi sallama a gidanmu, sunanta Rakiya. Ta ce ɗalibarsa ce, yanzu ita ke koyar da fizik a wani gari a kudu. Ta zo roƙon littattafan da yake rubuta darasinsa a ciki, don ta ce babu wanda ya iya bayani kamarsa. Na shiga ɗakin ajiya na duba. Guda goma sha wani abu ne a da. Matan gida sun yage su sun ƙunsa ƙosai, wasu an hura wuta da su, duk a kan idona. Ɗaya ya rage, gara ta ci rabinsa.

Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta daɗe tana karantawa a tsaye. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba, a gidan nan wa ya taɓa karanta wannan?"

Na ce babu.

Abin da ya saura na Idrisu ke nan: rabin littafi, da mace guda da ta san darajarsa, kuma ba jininmu ba ce. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mu kuma da muka rage, ban san da wane baki za mu roƙi gafararsa ba.