Dakata, Ina Zuwa

Shekarun da na yi ina zaune a teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin asibitin kuɗi a Birnin Gwari, babu abin da ya ba ni haushi kamar shirun wayarmu. Idan mutum ya kira yana neman maras lafiyarsa, sai in danna maɓallin jira in tura layin ɗakin jinya. Daga nan sai tsit. Mu kuwa a nan, shiru a waya ma'anarsa ɗaya ce: sabis ya ɗauke. Sai mutum ya kashe.

Wanda abin ya fi cuta wani dattijo ne daga wajen Randagi. An yi wa matarsa aiki a ciki, ɗansu ya kawo ta ya koma gona. Lokacin hanya ba ta biyuwa saboda mutanen daji, shi ya sa kullum da hantsi yake hawa wani tudu a bayan ƙauyensu ya kira mu. Kafin nas ta lallaɓo da matar zuwa kan waya, ya kashe. Ko na rantse masa tana samun sauƙi, bai yarda ba.

"'Yata, in wani abu ya faru ku faɗa mini," in ji shi. "Gobe zan hau babur in taho."

Ni kuwa na san abin da hanyar take yi wa mutane. Na tasa likita a gaba da mita har ya kira mai gyaran wayoyinmu. Mutumin ya zo da wani ɗan akwati kamar sabulun wanki, ya soka wayarsa a bayan babban akwatin layukanmu, ya murɗa ƙara. Ya ce daga yau duk wanda aka ajiye zai ji kiɗa. Na gwada da wayata, sai ga wani kiɗan Turawa mai sanyi. Na ce shi ke nan, an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. Washegari dattijo ya kira, na ajiye shi, ya kashe, ya sake kira a fusace.

"Matata na kwance, ku kuna biki?"

Wallahi na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Nas ɗinmu, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna da ba ta iya ɓoye magana, ta je ta kwashe labarin ta faɗa wa matar. Tsohuwa ta riƙe cikinta tana dariya, ta ce ai haka yake, ko tuwo bai taɓa jira ya huce ba. Sai nas ta tambayi mai gyara ko akwatin kiɗa kawai yake ci. Ya ce duk abin da aka sa a memori zai maimaita.

Muka kai wa tsohuwa waya bakin gado don mu naɗi muryarta mu sa a akwatin. Ba za ta kama sunan mijinta ba, balle a gabanmu. Ta gyara ɗankwali kamar yana ganinta, ta ce, "Malam, dakata mana, ina zuwa. Kullum gaggawa!"

Abin da ba mu tuna ba shi ne akwatin bai san Malam ɗaya ba. Ranar har mai kawo mana magani daga Kaduna ya sha faɗa, ya kuma ba da haƙuri.

Washegari da hantsi dattijo ya kira. Ya ce ga babur nan an tayar, sallama kawai ya tsaya yi. Na ce, "Baba, ɗan riƙe," na danna. Na ƙura wa fitilar layin ido. Nas na tafe da tsohuwa a hankali, taku ɗaya sai hutu, fitila ba ta mutu ba. Da na ƙagu, na ɗaga in ce masa ta kusa. Ban samu na yi magana ba, don shi yake yi, a hankali, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"To, na ji. Ina nan, ban tafi ba. Ki taka a hankali."